Sabar da Ta Ƙoshi da Rubutu

"Lafiya lau, sai ƙishirwa. Sai yanzu ka ga damar zuwa? Mijin da matarsa za ta kwana huɗu randa a bushe, ai sunansa tsohon miji."

"Tsohuwa, bari in sauke jaka mana. Ko ina gajiya ba ki ce mini ba."

"Gajiyar me? Mutumin da sana'arsa zama a kujera yana tsokanar allo da yatsa?"

Iya Hure ce ke wannan tsiya a ƙofar gidanta da ke Tudun Gawo, gabas da Kunci. Wanda take yi wa kuwa jikanta ne Uwaisu, mai aikin kula da kwamfutoci a Kano, yana zaune a Bacirawa. Shekarun nan ne da kuɗin mota ya mayar da zumunci cikin waya, kwanon gero ya gagari wanda ya noma shi. Rijiyoyin garin sun ƙafe tun bazara ba ta yi nisa ba, kowa ya dogara da burtsatse mai sola da wata ƙungiya ta haƙa ta yi gaba. Yau kwana huɗu injin ya yi shiru. Mata sai sun gangara kwari suke samo ruwa mai kalar kunu, ga Sauda maƙwabciyar Iya ta haihu shekaranjiya, ruwan wankan jego ma gida-gida ake haɗa mata shi. Mai gyaran famfo ya zo ya duba ya ce inji lafiyarsa ƙalau, ciwon yana cikin akwatin da ke ba shi umarni. Makullin ɗakin akwatin kuwa a wuyan Iya Hure yake rataye, don gidanta ne a jikin tanki.

"Ba ni makullin in ga mara lafiyar," in ji Uwaisu.

"Makulli ba ya barin wuyana. Ƙafata ƙafarka. Na san halin 'yan birni, ka shiga ka fito da wayoyin mutane a aljihu."

"Ke da ko tashar rediyo ba ki iya kamowa ba, me za ki tsare?"

"Na goyi ubanka na yaye shi, ba da rediyo ba. Wuce mu je."

Ɗan ɗaki ne na bulo, da akwatin ƙarfe a jikin bango, wata 'yar fitila koriya tana ƙifta ido a gabansa. Uwaisu ya ja bulo ya zauna, ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya, ya jona mata waya zuwa akwatin. Allon ya yi baƙi, fararen rubutu suka shiga gudu a kansa kamar tururuwa ta ga gero. Iya ta tsaya a bayansa, hannu a ƙugu.

"Wannan da kike gani sunanta saba."

"Saba? Shekara huɗu muna maƙwabtaka ba ta taɓa gaishe ni ba. Da wa ta saba?"

"Ita ke ce wa inji tashi, ita ke ce masa kwanta. Tana auna ruwan rijiya, tana auna na tanki, kuma duk famfon da aka buɗe a garin nan cikin ukun, ta sani."

"Ashe 'yar sa-ido ce."

"Shi ya sa na ce kun dace da maƙwabtaka."

Ta kai masa dundu mara zafi a kafaɗa. Shi kuwa ya danna wasu 'yan baƙaƙe, ya tsaya, ya gyaɗa kai.

"Na ga ciwon. Cikinta ne ya cika, ɗari bisa ɗari. Ko wurin ɗiga aya babu."

"Me ta ci? A shekarar da kowa cikinsa ke kuka, wa ya ba ta har ta ƙoshi?"

"Rubutu ta ci. Tana da wani littafi a ciki, mu muna ce masa log. Duk minti ɗaya sai ta rubuta layi: ruwa ya kai kaza, an buɗe famfo kaza, inji ya tashi, inji ya kwanta. Waɗanda suka haɗa ta kuma sun kafa mata doka, in ba ta sami wurin rubutawa ba kada ta tayar da inji, don kada ya yi ta juyi a busasshiyar rijiya ya ƙone ba wanda ya sani."

Iya Hure ta dubi akwatin da kyau, kamar yau ta fara ganinsa. Abu bai fi kwanon sha ba, ba ya ci ba ya sha, amma an ba shi amana ya riƙe ta har ya gwammace gari ya kwana da ƙishirwa da ya yi aiki ba shaida. Abin ya burge ta. Amma ba a gaban jika ake nuna irin wannan ba.

"Ka ga mai amana. Da kai ne, sai ka tayar da injin ka ce mantawa ka yi. To ita ba ta san ana wanke allo ba? Ko ɗan makarantar allo ya san in ya cika wankewa ake a sake sabon rubutu."

"Ta sani. An rubuta mata umarni: duk mako ta rufe littafin, ta matse shi ya ƙanƙance, ta ajiye gefe ta buɗe sabo. In tsofaffin suka kai goma sha biyu ta zubar da na can baya. Shi muke kira juyi. To juyin ne ya tsaya. Littafi ɗaya take ta tura wa rubutu har ya cinye ɗakin."

"Me ya tsayar da shi?"

"Shi nake nema."

Ya nema kuwa. Ya buɗe umarnin ya karanta shi baƙi-baƙi, bai ga kuskure ba. Ya duba ko an hana ta izinin taɓa littafin, ya tarar izini na nan. Ya duba agogonta, daidai yake da na wayarsa. Labari ya riga ya zaga gari cewa jikan Iya ya zo, mata sun fara jera jarkoki a gindin famfo, ana jiyo surutunsu ta ƙofa. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

"Maigida, wanka kake yi ba ka gayyace mu ba? Tara mana zufar mu kai wa Sauda."

"Zafin ɗakin ne."

"Ruwa ba ya tsami banza."

"Ki zuba ido kawai. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Karen bana dai nake gani yana haki, zomo yana zaune a bango yana ƙifta masa ido."

Uwaisu ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana magana shi kaɗai. "Komai daidai. An ce mata duk Juma'a ƙarfe huɗu na asuba. Amma rabonta da yi shekara biyu da wata biyar, kamar tun daga ranar ba a sake yin Juma'a a duniya ba."

"Ƙarfe nawa ka ce?"

"Huɗu na asuba. Lokacin ba mai ɗiban ruwa, shi ya sa aka zaɓa."

Iya Hure ta fara dariya, ta yi ta yi har sai da ta dafa bango.

"Kai da bokonka. Wa yake aiken mai barci? Wannan ƙawar taka ta fi amarya son shimfiɗa. Rana na faɗuwa wannan koren idon yake mutuwa, ba ya buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi. Ni da nake fitowa alwala ta gabanta kullum, ni za ka gaya wa ƙarfe huɗu?"

"Ai akwai batura da ke riƙe ta da dare."

"Baturan da suka kumbura kamar cikin kwaɗo? Kaka uku ke nan da suka mutu, ana cikin yankan dawa. Aka taru a ƙofar mai unguwa, aka ji abin da sabbi za su ci, kowa ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Tun daga nan sai rana ta fito take aiki, kamar ɗan ƙwadago."

Uwaisu ya juya ga allon da sauri. Ya nemo lokacin da take farkawa kowace rana: takwas da 'yan mintoci. Lokacin da take mutuwa: shida da rabi. Jiya haka, bara haka, har ya kai ga wata rana a cikin kaka, inda daga nan baya take kwana ido biyu. Ya ƙirga, shekara biyu da wata biyar cif. Ya ɗago ya kalli kakarsa, ya daɗe yana kallonta.

"Kalle ni da kyau," in ji ta. "Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar ce ba mu gani ba, sai harbin." Ya mayar da hularsa. "Shi ke nan. Yanzu in goge wannan ƙaton littafin, in mayar da juyin ƙarfe goma na safe lokacin tana farke."

"Tsaya. Kafin ka wanke allon mutane, karanto mini in ji me ta rubuta. Ƙila ta yi da ni a ciki."

"Babu suna, lambobi ne da lokaci."

"To in ba ƙarya kake shara mini ba, nemo ranar da rumbun Basiru ya kama wuta. Bara ne, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, da la'asar."

Ya duba kwanan watan a wayarsa, ya buga, ya sa yatsa a kan allon yana bi. "Ga shi. Ƙarfe huɗu da minti goma, famfo ukun suka buɗe a lokaci guda. Tanki yana cike, cikin minti arba'in ya koma ƙasa. Inji ya tashi bai huta ba har rana ta faɗi."

Iya ta kama haɓa. Ranar ta dawo mata kamar yanzu, hayaƙi ya rufe unguwa, ita da tsufanta tana gudu da bokiti, zane yana kwancewa. Ta ɗauka wanda ya gani ne kawai zai iya ba da labari. Ashe akwai wadda ke zaune a ɗaki tana rubutawa minti-minti, ba ta ƙara ba ta rage ba.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ko mai unguwa da ya ba da labarin sai da ya ƙara gishiri."

Uwaisu yana ta jan rubutun baya, sai ya tsaya ya matso da fuskarsa. "Tsohuwa, akwai aljani a garin nan."

"Aljanin garinmu ya daɗe da komawa Bacirawa."

"Da gaske nake. Dubi famfon masallaci. Kullum sha biyu da kwata, rana tsaka, lokacin da ko akuya ba ta barin inuwa, wani yana buɗe shi minti goma sha biyu ya rufe. Ba fashi. Ga ranar Sallah, ya buɗe. Ga tsakiyar damina, ya buɗe. Tun daga farkon littafin, wata goma sha ɗaya a jere. Sai kuma ya daina, bai sake ba."

"Yaushe ya daina?"

Ya sake duba waya. "Na ƙarshe Laraba ce, sha tara ga watan Maulidi. Alhamis babu."

Iya Hure ta nemi bulo ta zauna. Malam Dabo, mijinta, kakan Uwaisu, kullum kafin azahar yakan ɗauki sandarsa ya ce zai je ya miƙe ƙafa. Ta sha yi masa faɗa, tsoho da ciwon gwiwa me zai fita nema a cikin wannan rana, ya ce da ita rana ba ta cin nama mai tauri. Randunan alwala na masallaci kuwa kullum a cike ake samunsu. Jama'a na sa wa ladan Muntaka albarka, shi Muntaka yana zaton samari ne. Ranar Alhamis, ashirin ga watan Maulidi, Malam ya yanke jiki ya faɗi a zaure da sandar a hannunsa, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai aka fara ƙorafin ana zuwa azahar a tarar da randa a bushe, kuma ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ta gaya wa jikan nata haka, a taƙaice, idonta a kan 'yar fitilar.

"Shekara hamsin da ɗaya ina tare da mutumin nan," in ji ta. "Akwatin ƙarfe ya fi ni sanin inda yake zuwa."

"Allah ya jiƙan Malam, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara."

"Amin." Ta goge ido da bayan hannu, ta ja hanci. "Ka ga mijin ƙwarai. Kai ko buta ba ka taɓa cika mini ba. Ka goge wannan littafin, ni kuma in goge ka daga cikin jikokina."

"In ban goge ba babu wuri. In babu wuri babu ruwa."

Ta tuna Sauda a ɗaki da ɗanyen jiki, ga suna nan da kwana biyar, ga jarkokin da ke jere a rana. Ta sake kallon fararen layukan, duk da ba ta iya karanta ko ɗaya ba.

"Goge," ta ce. "Shi ma da yana nan ruwan zai zaɓa."

Uwaisu ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wani ɗan abu baƙi da bai kai ɗan yatsa ba. "Ko kuma in kwafe shi tukuna a wannan filas ɗin, baƙi ɗaya ba zai ɓace ba, sannan in goge na cikin."

"Yana aljihunka tun ɗazu ka bar ni ina ciwon zuciya? Allah ya haɗa ka da jika mai irin halinka."

"Amin, in dai zai sami kaka irin tawa ya rama mini."

Kwafewar ta ɗauki lokaci, don littafin ya yi nauyi. Da ta gama ya buɗe na cikin filas ɗin ya tabbatar sha biyu da kwata na nan, sannan ya yi bisimilla ya goge. Ya duba cikin sabar. Ɗari bisa ɗari. Ya sake dubawa, ba abin da ya motsa.

"Ya ya, maigida? Na ga bakinka ya yi tsawo."

"Na goge, amma cikin bai sauka ba."

"Ka yi shara ka bar dattin a bayan ƙofa. Aikin maza ke nan."

Ya dafe goshi, sai kuma ya yi tsaki yana murmushi. "Na gane. Marubucin da ke cikinta, wanda ke riƙe da alƙalami, bai san an ɗauke littafin ba. Har yanzu yana damƙe da shi. In bai saki ba wurin ba zai fito ba."

"Jininku ne. Ubanka ma sai da na shafa ɗaci kafin ya saki nono."

"Bari in shafa wa wannan nasa."

Ya kashe marubucin ya sake tayar da shi. Lambar da ke kan allon ta faɗo daga ɗari zuwa sha ɗaya. Ya ƙara layi a cikin umarnin, cewa duk ranar juyi a taɓa marubucin ya saki tsoho ya kama sabo. Ya mayar da lokacin ƙarfe goma na safe, ya gwada juyin da hannu sau ɗaya, sabon littafi ya buɗe fari tas.

Wani abu ya ce ƙas a cikin akwatin. Iya Hure ta ji ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafarta, wani gurnani mai nisa yana tasowa. Ta miƙe ta dafa bututun da ya ratsa bangon. Da zafi ta same shi, tana dafe da shi sanyi ya hau ta cikin tafinta ya wuce sama. Can bisa kansu ruwa ya faɗa cikin tankin da ya kwana huɗu wayam, ya yi ƙara kamar an buga tambari. A waje wata ta rangaɗa guɗa.

Iya ta yi salati. Ta leƙa ƙofa ta ce jarkar farko ta gidan Sauda ce, wadda ta yi musu ta zo ta same ta. Sannan ta juyo, Uwaisu ya miƙa mata filas ɗin. Ta ɗora shi a tafin hannu tana jinjinawa.

"Duk yana cikin nan? Da gobarar, da Malam, da komai?"

"Har da wurin wasu ɗari irinsa."

"Mutum mai tsayi kamar giginya, a shigar da sawunsa cikin ƙwallon dabino." Ta girgiza kai, ta ƙulle shi a haɓar zane, ta ƙara ƙulli na biyu. "To ɗan boko, ni da kai wa ya gyara?"

"Ni na danna."

"Jaki ma shi ke ɗaukar kaya, ba shi ya san hanyar kasuwa ba."

Uwaisu ya yi dariya ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama. Da ba ki ce barci take ba, da a nan zan kwana ina karanta umarnin da ba shi da laifi."

"Fito waje ka maimaita, matan nan su ji."

Ya fito ya maimaita, da ƙarfi, jakarsa a kafaɗa, mata na ta shewa ruwa na zuba a jarka. Iya Hure ta gyara ɗaurin kallabi, ta nuna masa gindin darbejiya da baki.

"Ka ga jan zakaran can? Kama shi, na ba ka. Ka tafi da shi wurin aikinku ka ɗaure a gindin sabobin birni. Shi dai ban taɓa jin asuba ta wuce shi ba."